Ina Mutumin Taura Zai Kai 'Ya'yansa Hawan Dutse Bayan Kaka?

  

Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga ƙasar Taura, daga wani magidanci wanda ya ce da damina noma yake yi, da rani kuma yana ɗan taɓa sayen hatsi a kasuwar Gujungu. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ce yana da samari uku da za su dawo gida hutun makaranta, kuma babbansu ya dame shi da labarin wai a wasu ƙasashe mutane kan ɗauki hutu takanas, su tafi hawan duwatsu da yawon daji a ƙafa. Tambayarsa kashi biyu ce. Na ɗaya, shin wannan ba aikin wanda ya rasa abin yi ba ne? Na biyu, in har akwai amfani a ciki, ina mutumin Taura zai kai 'ya'yansa ba tare da ya taɓa rumbu ba, kuma ba tare da ya jefa su cikin hatsari ba?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Yaronka bai yi maka ƙarya ba. A ƙasar Tanzaniya akwai dutsen Kilimanjaro, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Afirka, mita 5,895, kuma kowace shekara mutane daga Turai da Amurka suna biyan maƙudan kuɗi su yi kusan mako guda suna hawansa. Nan gida Nijeriya ma akwai Chappal Waddi a Jihar Taraba, kan iyakarmu da Kamaru, mai tsawon mita 2,419. Su waɗannan mutane yawancinsu a ofis suke wuni bisa kujera, saboda haka tafiyar ƙafa magani ce a gare su. Kai kuwa da kake sammako gona, ka wuni a sunkuye, ka dawo da dami a ka, babu wanda zai ce ka je ka motsa jiki. In don wannan ne, zauna gida ka huta abinka.

Amma akwai wani amfanin, shi ne gani. Ƙasar Taura shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi ne da fadama, sunan jihar tamu ma daga jigawa ya samo asali. Yaron da ya tashi a nan, abu mafi tsawo da ya taɓa hawa bai wuce kuka ko tsamiya ba. Ni da na taɓa riƙe alli na san wahalar da malami ke sha in ya zana tsauni a allo, yara suna kallonsa kamar ya zana tulin gyaɗa. Ranar da yaro ya tsaya a kan dutse ya hango gari a ƙarƙashinsa, motoci kamar ƙwaro, gonaki kamar an shimfiɗa tabarmi, ya fahimci abin da taswira take nufi fiye da karatun zango guda. Don haka amsata ga tambayar farko ita ce ba shirme ba ne, muddin ba a ci bashi domin a yi shi ba.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, kuma abin da zan gaya maka shi ne kada ka kai idonka nesa. Wurare uku da suka fi dacewa da kai duk suna cikin Jigawa.

Fara da Dutse. Daga Gujungu ka kama hanyar Jahun, ka wuce Kiyawa, ka faɗa Shuwarin, sai ga ka a Dutse. Tun kafin ku shiga gari yaran za su ga ƙasa ta sauya, duwatsu sun fara ɗagowa, wani a kan wani kamar da hannu aka jera su. Masana ƙasa sun ce duwatsun Dutse da na Birnin Kudu da na Shira a Jihar Bauchi dangin na Jos ne. Da yawanmu mun san Dutse ne kawai a matsayin hedikwata, tun da aka ƙirƙiro jihar a ranar 27 ga Agusta, 1991. Mutum ya je sakatariya ko asibiti, ya gama abin da ya kai shi, ya juyo. Alhali tsohon garin, wato Garu, inda fadar Mai Martaba Sarki take, yana nan a jikin duwatsu, kuma ba jiya aka kafa shi ba. Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse. Kun ga ke nan shekaru fiye da 500 da suka wuce akwai sarauta a wurin. Dalilin zaman kuwa a fili yake ga duk wanda ya hau sama ya duba: a zamanin yaƙi, wanda ke kan dutse yana hango ƙurar dawaki tun daga nesa, kuma doki ba ya hawa inda mutum ke hawa. Ka bar yaran su gano wannan da kansu, ka tambaye su kawai, "In kai ne sarki, a ina za ka ajiye mai gadi?"

Daga sama za ku hango itatuwan dabino, waɗanda Dutse ta yi suna a kansu. Akwai ma reshen cibiyar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a garin. Kai da kake manomi, in da hali ka leƙa ka yi tambaya a kan dashe, ka ga tafiyar ta biya kuɗin motarta. Kuma da yake kai ɗan kasuwa ne, ga shawara: kasuwar Gujungu Lahadi take ci, ta Shuwarin kuwa Litinin. Ka sari abin da za ka sara ranar Lahadi, Litinin ka yi sammako da yaran ku hau dutse da sanyin safiya, da hantsi ku gangaro Shuwarin ka yi cinikinka.

Wuri na biyu, wanda in da ɗaya tak za a ce in zaɓa maka shi zan zaɓa, shi ne Birnin Kudu. Daga Dutse za ku fita ta Kwanar Huguma ku hau babbar hanyar da ta taso daga Kano. A gefen garin akwai duwatsu da suka haɗa da Dutsen Habude, da Dutsen Mesa, da Dutsen Murufu. Ba su da tsawon da zai gajiyar da dattijo. Abin kallon yana ƙarƙashinsu ne, a inda wani dutse ya rufa kan wani ya yi rumfa. A jikin waɗannan rumfuna akwai zanen dabbobi da mutanen da suka riga kakannin kakanninmu suka yi da jan launi da fari, kuma yawanci shanu ne.

To a nan nake so makiyaya da masu kiwon turke su kasa kunne. In kun je, ku duba bayan shanun nan da kyau. Da yawansu ba su da tozo. Shanun da muka sani a kasuwannin Maigatari da Gujungu, da bunaji farare, da rahaji jajaye masu dogon ƙaho, da bokoloji, duk masu tozo ne. Marasa tozo sai dai muturu 'yan gajeru na kudancin ƙasar nan, ko shanun Kuri na tafkin Cadi masu kaurin ƙaho. Ma'ana, akwai zamanin da irin shanun da ke kiwo a wannan ƙasa tamu daban ne da na yau, kuma wanda ya yi zanen ya zana abin da idonsa ya gani ne. Ba a littafi aka rubuta mana wannan ba, makiyayin ne da kansa ya bar shaida a jikin dutse. Ni dai ban san wani darasin tarihi da zai shiga kan ɗan manomi kamar wannan ba.

Ban da zane, akwai duwatsu masu amo. Dutse ne kamar kowane, amma in ka ɗauki ɗan ƙaramin dutse ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar ƙarfe, wani wurin siririyar murya, wani wurin babba. Za ka ga inda ake bugawa ya lotsa ya yi sumul saboda yawan hannayen da suka taɓa shi. Wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kan zanen da waɗannan duwatsu masu amo a shekarun 1950, kuma an rubuta cewa a al'adar garin ta da, amare da ƙawayensu kan je ɗaya daga cikin rumfunan lokacin biki su buga su. Gwamnatin tarayya ta sa wuraren cikin kayan tarihi na ƙasa, kuma hukumar gidajen tarihi tana da ofishi a garin. Can za ku fara zuwa, a haɗa ku da wanda zai kai ku. Kada ku ce za ku nemo da kanku, domin zanen ya dusashe a wasu wuraren, wanda bai sani ba sai ya wuce shi bai gani ba.

A nan zan ɗan ja kunne, ba naka kaɗai ba Malam, har da malaman makaranta masu kai ɗalibai. Yaro in ya ga bango, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Sai ya ɗauki gawayi ko alli ko fenti ya rubuta sunansa da na garinsu. Wani kuma ya watsa wa zanen ruwa wai don ya fito sosai a hoton waya, wani ya kankara da farce ya ga ko zai fita. Wani ya hura wuta a rumfar, hayaƙi ya turnuƙe bangon. Abin da ya jure rana da ruwa shekaru aru-aru, yaro ɗaya zai iya kashe shi kafin a ce kwabo, kuma babu gwanin da zai mayar da shi. Ga kuma masu fasa dutse, waɗanda neman abinci suke yi ba mu zarge su ba, amma dutsen da aka mayar tsakuwa ya tafi ke nan. Shi ya sa nake cewa a je yanzu, kuma a je da ladabi. A kalla da ido, a ɗauki hoto in ana so, hannu kuwa ya zauna a aljihu.

Af, ka ce samari uku. In suna da ƙanne mata da suka yi wayo, kada a bar su a gida suna jin labari. Hawan Birnin Kudu bai fi ƙarfinsu ba.

Wuri na uku babu dutse ko ɗaya, tafiya ce a fadama. Ina nufin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, gaba da Haɗeja. Ruwan da ke bi ta ƙasarku, wato kogin Haɗeja, can yake zuwa ya bazu ya yi tafkuna da dausayi har zuwa Nguru. Akwai goruba da giyayya da kanya da bagaruwa, ga inuwa, ga sanyi. Abin da ya sa duniya ta san wurin shi ne tsuntsaye. Ban da namu na gida irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela, da sanyi ya shigo sai baƙi su iso daga Turai, agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa, waɗanda suka ƙetaro teku da hamadar Sahara suna gudun ƙanƙarar ƙasarsu. Sukan zauna daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris, sannan su koma. Wato su ma cin rani suke zuwa. A shekarar 2008 aka sa Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da wurin gandun daji na ƙasa. Saboda haka ba a shiga kai tsaye, sai an nemi ma'aikatan gandun. Ba a zuwa da danƙo, ba a zuwa da tarko ko bindiga. Kuma kallon tsuntsu da asuba ake yinsa, cikin shiru, don haka sai dai ku kwana a Haɗeja ko wurin ɗan'uwa a kusa. Wanda ya isa da azahar kachalla kawai zai gani.

Sauran wurare zan ambace su a taƙaice. In hanya ta kai ku Kano sarin kaya, Dutsen Dala yana tsakiyar birni, an yi masa matakala, kuma daga samansa ana ganin Goron Dutse da birnin baki ɗaya. Ƙasar Kazaure da Roni ma akwai tuddai masu kyan gani. Yankari a Jihar Bauchi, mai giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, wuri ne na gaske, amma yana son kuɗin shiga da na kwana da na mota, wannan sai shekarar da riɗi ya yi kuɗi. Dutsen Kwatarkwashi a Zamfara da manyan dazuzzukan da ke yamma da mu kuwa, shekarun nan an sha fama da 'yan bindiga a yankunan, ba zan ba kowa shawara ya kai yara can yawon buɗe ido ba. Ko ina za ku je, ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan makon, sun fi kowa sani.

Yanzu batun lokaci. Da damina a'a. Dutse in ya jiƙe santsi yake yi kamar an shafa masa sabulu, ciyawa ta rufe ramuka, fadama kuma ta cika, ku mutanen Taura da Ringim da kuka ga ambaliyar 2022 ba sai an yi muku bayani ba. Da bazara ma a'a, daga Maris zuwa Mayu dutse kan ɗauki zafin da ba a iya dafa shi da hannu. Lokacin da ya dace shi ne daga ƙarshen kaka zuwa Fabrairu. Sai dai a kula da hazo, ranar da ya sauko sosai ko kun hau ba za ku hango komai ba, ga tari ga mura. A zaɓi ranar da gari ya washe, a fara hawa bayan an yi sallar asuba gari ya waye, a sauko kafin rana ta take.

Kayan tafiya ba su da yawa. Ruwa shi ne kan gaba, kowane mutum ya riƙe nasa, kamar lita biyu. Guzuri mai sauƙi, dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, rake. Takalmi ya zama sau-ciki mai kama ƙasa, silifas shi ne ke kayar da mutane. Babbar riga a bar ta a gida, iska na cika ta a sama. Kowa da hula da sanda. Kafin ku hau kowane dutse da ke kusa da gari, ku je ku gai da mai unguwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku roƙi a ba ku yaro ɗan gari ya yi muku jagora, in kun sauko ku ba shi na goro. Shi ya san inda ƙudan zuma suke, ya san hanyar da ba ta ɓullewa, ya san inda mutanen gari ba sa son a taka.

A wajen hawa, babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya. Ban da tsere, ban da ture dutse ƙasa don a ji ƙararsa, ba ka san wanda ke kiwo a gindi ba. Ku sani saukowa ta fi hawa hatsari, saboda ƙafa ta gaji kuma nauyin jiki yana jan mutum gaba. Inda ya yi gangara sosai, a zauna a sauko da mazaunai, babu kunya a ciki. Duk inda yaro zai hau amma kana shakkar yadda zai sauko, kada ya hau.

Sai maganar maciji da kunama, tunda ramukan dutse gidansu ne. Kada kowa ya zura hannu a kogo ko ƙarƙashin dutsen da bai ga cikinsa ba. In tsautsayi ya sa kububuwa ko kasa ko gamsheƙa ta sari wani, Allah ya kiyaye, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau har jini ya tsaya, wannan kan jawo a rasa ƙafa. A cire zobe ko agogo in a hannu ne, a hana shi tafiya da gudu, a sa wa gaɓar kara a naɗe don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti mafi kusa inda ake da allurar dafin maciji. Kada a tsaya gwada magani a gida har jini ya fara fita ta dasashi. A Baturiya kuwa abin tsoron ruwan ne. Kada a bar yara su yi wanka a kwantaccen ruwa, nan ake ɗaukar tsargiya, kuma in za a shiga kwalekwale a ƙirga mutane, in ya cika a jira wani.

Game da kuɗi, Dutse tafiyar wuni guda ce, ku je ku kwana a gida. In za a haɗa da Birnin Kudu, a yi kwana ɗaya a hanya wurin dangi ko abokin ciniki. Abin da ya fi sauƙi shi ne magidanta uku ko huɗu na unguwa ɗaya su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota guda, su yi ciniki da direba tun daga tasha cewa zai jira su ya dawo da su kafin magariba. Tafiyar dare da yara a hanyoyinmu ba ta da daɗi. In malamin makarantar garinku zai samu zuwa, ku tafi da shi, zai taya ku amsa tambayoyin da yaran za su yi ta jefowa.

Malam, in kun je kun dawo, ka sa babban yaron ya rubuto mana abin da ya gani da hannunsa, musamman ko ya samu saniya mai tozo a jikin Dutsen Mesa ko bai samu ba, za mu karanta a wannan fili. Masu sauraronmu na Gwaram da Kazaure da Roni, in akwai wani dutse ko tafki a wajenku da ya cancanci a je gani, ku aiko mana da sunansa da yadda ake isa wurin. Lokaci ya yi mana halinsa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.